Idan Ciwon Sukari da Ciwon Daji Suka Haɗu a Jiki Ɗaya

Assalamu alaikum. Ana ji na can baya? To madalla. Wanda ke kusa da lasifikar nan, don Allah a ɗan rage ta, tana ƙara. Yauwa, haka ya yi.

Iyayena maza da mata, 'yan uwana ma'aikatan lafiya, da ku ɗalibai, barkanku da zuwa. An ba ni minti arba'in in yi magana kan alaƙar ciwon sukari da ciwon daji, wanda wasu ke ce wa sankara, wasu kansa. Abubuwa huɗu na tsaro. Na farko, ko da gaske akwai alaƙar. Na biyu, ta ina take biyowa. Na uku, abin da ke faruwa idan mai sukari ya shiga jinyar daji. Na huɗu kuma magungunan sukarin su kansu.

Kafin in fara, duk wanda ke da mai ciwon sukari a gidansu ya ɗaga hannu. Ku ɗaga sosai. To ku waiwaya ku ga juna. Kusan ɗakin nan gaba ɗaya ke nan. A lissafin Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya na shekarar 2021, manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi, kuma fiye da tara cikin goma nau'i na biyu ne, wanda ya fi kama mutum bayan ya manyanta. Shi kuma daji, a shekarar 2022 an samu sabbin masu shi kusan miliyan 20 a duniya, mutum miliyan 9.7 suka rasu. Duka biyun suna ƙaruwa da shekaru, don haka ba abin mamaki ba ne a tarar da su a jikin mutum ɗaya. Abin da masana suka daɗe suna tambaya shi ne, haɗuwar tasu katari ce kawai, ko kuwa ɗaya na share wa ɗaya hanya?

A shekarar 2010 ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka da ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka suka zauna, suka tattara binciken da aka yi, suka fitar da matsaya guda. Ga abin da suka ce. Mai sukari nau'i na biyu, haɗarin kamuwarsa da dajin hanta, da na fankiriyas, da na cikin mahaifa ga mata, ya kai ninki biyu na wanda ba shi da sukari. Fankiriyas ita ce tsokar nan doguwa da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke yin insulin. Ku riƙe sunanta. Dajin babban hanji, da na mama, da na mafitsara, ƙarin bai kai haka ba, tsakanin kashi 20 ne zuwa 50 cikin ɗari. Dajin huhu ba su ga wata alaƙa ba. Dajin furostet kuwa, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, sai aka ga ma ya fi ƙaranci a wurin masu sukari. Na ga wasu dattawa suna murmushi. Baba, a ci gaba da shan magani dai, ba lada aka raba ba. (dariya)

A 2018 kuma an haɗa bayanan mutum kusan miliyan 20, aka ga haɗarin daji gaba ɗaya ya ƙaru da kashi 27 ga mata masu sukari, da kashi 19 ga maza. Wato mata sun fi shan wahalar abin.

Yanzu ku saurare ni da kyau, don ban so kowa ya fita nan gabansa na faɗuwa. Idan an ce ninki biyu, a tambaya, ninki biyun me? A misali kawai, idan cuta tana kama mutum ɗaya cikin ɗari, ninki biyunta mutum biyu ne cikin ɗari. Saura 98 suna nan lafiya lau. Mafi yawan masu sukari ba za su taɓa yin dajin hanta ko na fankiriyas ba. Amma idan ka ɗauki wannan ɗan ƙarin ka shimfiɗa shi a kan mutum miliyan ɗari biyar, ka ga ya zama gari guda na marasa lafiya. A Ingila ma, wani bincike da ya fito a 2021 ya bi mutuwar masu sukari daga 2001 zuwa 2018, ya tarar daji ya sha gaban ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ya zama shi ne kan gaba wajen kashe su. Dalili kuwa, an iya kare zuciyarsu, suna yin tsawon rai, sai dajin ya riske su.

To ta ina abin ke biyowa? Kowa zai ce ai sukari ne abincin daji. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani masani Bajamushe, Otto Warburg, tun wajen shekarun 1920 ya lura ƙwayoyin daji suna zuƙar sukari fiye da kima, suna ƙona shi ta wata hanya mai ɓarna. Har yau da wannan halin nasu muke kama su. Hoton da ake kira PET, ai wani abu mai kama da sukari ake yi wa mutum allurarsa, a jira, duk inda ya taru ya yi haske a nan ake zargin ƙari. Amma daga nan zuwa cewa a hana mai daji abinci don a kashe ƙarin da yunwa, akwai tafiya mai nisa, zan dawo kanta.

Ni wanda na fi zargi shi ne insulin da jiki ke tarawa. Bari in kwatanta. Insulin ɗan aike ne. Ka ci abinci, sukari ya shiga jini, fankiriyas ta tura shi ya je ƙofar tsoka da hanta ya yi sallama, ya ce a buɗe a karɓi sukari. A nau'i na biyu masu gidan sun yi kunnen ƙashi. Ya yi sallama, shiru. Sai fankiriyas ta turo biyu, ta turo goma, su yi ta bugun ƙofa. Mutum zai iya yin shekaru a haka, jininsa cike da insulin, gwajin sukarinsa na nuna lafiya, bai san komai ba. To matsalar ita ce ɗan aiken nan saƙo biyu yake ɗauke da shi. Ɗaya, a karɓi sukari. Ɗaya kuma, a girma, a hayayyafa. Tsoka ta toshe kunne daga na farko, amma idan akwai wata ƙwayar halitta da ta fara lalacewa a hanji ko a mama, ita tana jin na biyun rangadadau, dare da rana. Yawan insulin yana kuma ƙara ƙarfin wani sinadarin girma mai suna IGF-1, shi ma waƙar tasa ɗaya ce.

Sai kitse, musamman na ciki. Teɓa ba ajiya ba ce kawai da ke zaune shiru. Tana fitar da sinadarai masu hura kumburi a jiki, kuma tana ƙera istirojin, sinadarin mata. Bayan mace ta daina haila, kitsen jikinta ne babbar masana'antar istirojin ɗinta, shi kuma yana ta tunzura fatar cikin mahaifa ta yi kauri. Shi ya sa nake roƙonku, iyaye mata, duk wadda al'ada ta ɗauke mata shekara guda ko fiye, sannan ta ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, kada ta ce al'ada ce ta dawo. Ba ta dawowa. A je a duba. Dajin cikin mahaifa idan an kama shi da wuri yana cikin waɗanda suka fi warkewa. Hanta kuma kitse ne ke taruwa a cikinta, ta kumbura, ta yi tabo, ta ƙandare, daga nan daji ya samu wurin zama, balle idan ga cutar hanta nau'in B a jiki. Hukumar binciken daji ta duniya da ke Faransa ta lissafa nau'in daji 13 masu alaƙa da ƙiba a 2016. An kuma ƙiyasta cewa a shekarar 2012 sabbin masu daji kusan 800,000 ƙiba da sukari ne sila. Gaskiya kuma, wani kaso na alaƙar tarayya ce a tushe: shekaru, ƙiba, rashin motsa jiki, taba sigari, su ne ke haifar da duka biyun.

Na zo kan na uku, wanda shi ne ya sa na karɓi gayyatar nan.

A 2008 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani nazari da ya tattara bincike da dama, ya nuna mai daji da ya zo da ciwon sukari tun farko haɗarin mutuwarsa ya fi na marar sukari da kashi 41 cikin ɗari. Kashi 41. Daji iri ɗaya, asibiti iri ɗaya. Me ya sa? Wani ɓangare jikin ne ya riga ya gaji, zuciya da ƙoda sun sha wuya. Amma wani ɓangare babba, a ganina, mu ne. Ranar da aka ce wa mutum kana da daji, ranar ake jefar da maganar sukari a bayan ƙofa. Majinyaci ya manta, 'ya'yansa su manta, mu ma'aikata mu manta. Kowa ya ce ai babban ya zo, wa ke ta ƙarami. Ɗan hakin da ka raina kuwa shi ke tsone maka ido.

Bari in ba ku labarin wata baiwar Allah da na duba, ba zan faɗi suna ba. Ta haura hamsin, ta yi shekara tara da sukari, mace ce mai tsari. Tana da ɗan littafi mai bango shuɗi, kullum da safe ta huda yatsa ta rubuta. Aka gano sankarar mama, aka yi tiyata, aka fara kemo, wato maganin da ake sakawa ta jijiya, duk bayan mako uku. Bayan zagaye na uku 'yarta ta kawo ta, ta ce Likita, Mama ba ta barci, fitsari sau shida sau bakwai a dare, ƙishirwa kamar me, idonta na ganin hazo, bakinta ya yi fari fat, kuma gefen ɗinkin ya ƙi rufewa. An ce musu duk aikin kemo ne, a yi haƙuri. Na ce a ba ni littafin. Na buɗe, lambobi masu kyau, 128, 135, 140. Ina ta juya shafi, sai idona ya faɗa kan wani abu. Duk bayan mako uku akwai layi uku ko huɗu da babu komai. Fari fes. Na ce Hajiya, waɗannan ranakun fa? Ta ce ai ranakun ƙarin ruwan ne, jikina ba ya daɗi, ba na iya gwaji. Wato ranakun da aka fi bukatar gwajin, su ne ba a yi.

Na ce zagaye mai zuwa, washegarin ƙarin ruwa, a gwada da la'asar, awa biyu bayan ta ci abinci. 'Yar ta kira ni, ta ce Likita na'urar ba ta nuna lamba ba, haruffa biyu ta rubuta, HI. Ta ce ƙaninta ya ce gaisuwa ce. (dariya) Na ce ba gaishe ku take yi ba, ku taho yanzu. A yawancin na'urorin nan, idan ka ga haka sukari ya wuce abin da za su iya ƙirgawa, ya haura 500 ko 600.

Me ya jawo? Wani magani ne mai suna deksametason. Sitiroid ne, ana ba da shi tare da kemo don hana amai da hana jiki ƙin maganin. Magani ne mai amfani ƙwarai, ba na kushe shi. Amma yana ƙara wa masu gidan nan kurunta, ya kuma sa hanta ta yi ta zubo sukari. Kuma inda ya fi nuna kansa shi ne bayan cin abinci. Ɗan uwansa firednisolon idan an sha da safe, sukari zai fara hawa da azahar, ya kai ƙololuwa da yamma zuwa dare, kafin asuba ya sauko kamar ba shi ba. Ka gwada da safe ka ce alhamdulillahi, alhali ya yini yana ɓarna. Deksametason ya fi daɗewa, yakan ja kwana biyu ko uku. Ɗalibai, ku rubuta wannan: mai shan sitiroid, a gwada shi da rana da yamma, gwajin safe kaɗai bai isa ba. Ku ja layi a ƙarƙashi. Da yamma. Ko wanda ba a taɓa cewa yana da sukari ba, idan yana da ƙiba ko akwai sukari a danginsa, a gwada shi kafin a fara, a gwada shi a tsakiya.

Wani zai ce to kwana uku ne, mene ne a ciki? Kemo yana karya fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki. 'Yan kaɗan da suka rage kuma, idan sukari ya yi yawa sai su yi sanyi, ba sa iya kama ƙwayar cuta. Ciwo ya ƙi warkewa, ƙwayoyin cuta su samu shiga. Sai a kwantar da mutum, a ɗage zagaye na gaba mako biyu, ko a rage yawan maganin. A nan asarar take. Maganin daji an auna shi ne a kan lokaci da adadi. Duk zagayen da aka ɗage, ƙarin ya samu hutu. Matar nan an ɗage mata sau ɗaya kafin mu gane. Bayan mun tsara mata insulin na ranakun sitiroid kawai, kwana uku a sha allura, kwana na huɗu a sauka, ta gama sauran zagayen a kan lokaci. Littafin nan kuma babu sauran farin layi a ciki, 'yarta ce ke cike ranakun.

Kuma a kula da saukar, don can ma akwai rami. Sitiroid ya fita daga jiki, majinyaci na amai, bai ci komai ba tun safe, amma ya sha ƙwayar sukari irin su gilibenkilamaid ko ya yi allurar da aka ƙara masa. Sai sukari ya faɗi ƙasa da 70. Gumi, rawar jiki, yunwa, ruɗewa, wani ya yi ta faɗa ba dalili. Masu jinya su ce dajin ne ya hau kai. A gwada. Idan ƙasa yake kuma yana iya haɗiya, a ba shi abu mai zaƙi nan take, a sake gwadawa bayan minti 15. Mai shan metfomin, wata ƙwayar maganin sukari, idan amai da gudawa suka yi yawa har ruwan jiki ya ƙare, a tuntuɓi likita a ranar, don sau da yawa dakatar da shi ake yi na ɗan lokaci. Mai sukari nau'i na ɗaya kuwa, wanda jikinsa ba ya yin insulin, ko bai ci komai ba ba ya barin insulin gaba ɗaya, ragewa ake yi da shawara. Zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki a lokacin kemo, ko ƙarfe biyun dare ne, asibiti. Ba a jiran gari ya waye.

Ƙafa. Kada in manta ƙafa. Sukari da kansa yana cin jijiyoyin ji, ƙafa ta yi ta zugi ko ta mutu kamar an sa safa. Wasu magungunan daji, faklitaksel, oksalifilatin, binkiristin, su ma jijiyoyin nan suke ci. Idan an haɗa biyu, mutum ya warke daga daji ya koma bai iya ɓalle maɓallin riga ba. Idan likitan daji ya san da matsalar tun farko, zai iya sauya magani ko ya sa ido. Amma sai an faɗa masa. Haka wasu magungunan dajin, sisfilatin yana taɓa ƙoda, doksorubisin yana taɓa zuciya. Gwajin jinin nan kuma mai nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku, HbA1c, da muke dogara da shi, idan mutum na da ƙarancin jini ko an yi masa ƙarin jini yakan yi ƙarya, don haka a lokacin jinya yatsa ce mai gaskiya. Hoton PET da na ambata, idan sukari ya haura wajen 200 hoton ba ya fita daidai, sai a sallami mutum ya dawo wata rana. Sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi daji, irin su fembirolizumab, waɗanda aka ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018 saboda tushensu, a wasu 'yan tsiraru garkuwar takan juya ta cinye ƙwayoyin insulin, mutum ya wayi gari da sukari mai tsanani cikin kwanaki. Maza masu dajin furostet da ake yi wa allurar rage sinadarin maza, su ma sukarinsu kan tashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jefa majinyaci tsakanin ƙofa biyu. Ya je wurin masu daji, a ce sukari ba namu ba ne. Ya je wurin masu sukari, a ce sai ka gama da can. Ya dawo gida da kati biyu, babu wanda ya karanta na ɗan uwansa. Don haka ku masu jinya, ku zama gadar. Duk inda za ku, ku zuba magungunan gaba ɗaya a jaka ɗaya, har da na gargajiya, ku ɗora a teburin likita. Ku tambaya da bakinku: a cikin abin da za a ba shi akwai sitiroid? Kwana nawa? Wa zan kira idan sukari ya haura 300?

An miƙo mini takarda, wai saura minti biyar. To na biyar... na huɗu ne ko? Na huɗu, magunguna, da gudu. A 2005 wani bincike daga yankin Tayside na Sikotland ya nuna kamar masu shan metfomin ba su cika yin daji ba, duniya ta ɗauka. Daga baya aka gano kuskure a yadda irin waɗannan binciken ke ƙirga lokaci. Aka yi gwaji na gaske a kan mutum 3,649, kusan dukkansu mata, masu sankarar mama marasa sukari, rabi metfomin, rabi ƙwayar da ba komai a ciki, sakamako ya fito a 2022, bai hana dajin dawowa ba. Magani ne mai kyau na sukari, a sha shi don sukari. A 2009 an tayar da hankali cewa wani nau'in allurar insulin mai suna gilajin na kawo daji, gwajin ORIGIN mai mutum fiye da 12,500 ya fito a 2012, bai ga ƙari ba. Don haka kada kowa ya ajiye allurarsa saboda abin da na faɗa ɗazu kan insulin. Ƙwayar sukarin nan mai suna fiyogilitason kuma ba a ba mai dajin mafitsara. Sannan bincike ya nuna mata masu sukari sun fi sauran mata tsallake gwajin mama da na bakin mahaifa, ga su kullum a asibiti. A je a yi. Tafiyar ƙafa minti 150 a mako, da rage kashi 7 na nauyi, a gwajin da aka buga a 2002 sun rage kamuwa da sukari da kashi 58. To, tambaya. Ga Hajiya can.

(Wata mata ta ce an shawarce su su hana yayarta mai daji duk wani abinci mai sitaci.)

Na gode Hajiya, kin tuna mini alkawarin da na yi. Kada ku yi. Ko ba ta ci sitaci ko kaɗan ba, hanta za ta ƙera sukari, kuma da naman jikinta za ta ƙera shi. Ƙarin zai ci rabonsa, ita ce za ta rame, ta kasa ɗaukar kemo. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. A rage kayan zaƙi da lemon kwalba, ta ci abinci mai gina jiki kaɗan kaɗan sau da yawa, idan sukari ya hau a gyara shi da magani. Ɗan uwa, kai mai farar riga.

(Wani matashi ya ce: Likita, mahaifina shekararsa 64, wata huɗu ke nan aka ce yana da sukari. Ba shi da ƙiba, babu mai shi a danginmu, yana shan magani amma sai ramewa yake yi.)

Tsaya, kada ka zauna tukuna. Yana kukan ciwon ciki ko baya? Baya, da dare. Idonsa ya sauya launi? Bai sauya ba. To. Wannan tambayar ta fi duk abin da na shirya rufewa da shi. Na ce ku riƙe sunan fankiriyas. A wurinta hanyar biyu ce. Sukari na ƙara haɗarin dajinta, amma dajinta ma yana haifar da sukari, wani lokaci watanni kafin wata alama ta fito. Wani bincike a Amurka ya nuna cikin waɗanda sukari ya fara kamawa bayan shekara 50, kusan mutum ɗaya cikin ɗari ana gano masa dajin fankiriyas cikin shekara uku. Ɗaya cikin ɗari, ka ji ko? Saura 99 sukari ne kawai, kuma sukarin da bai daidaita ba shi kansa yana ramar da mutum. Don haka ban ce mahaifinka na da shi ba, Allah ya kiyaye. Amma a Ingila ƙa'idar da aka ba likitoci tun 2015 ita ce, wanda ya kai 60, yana ramewa, ga sabon sukari, a duba yiwuwar yi masa hoton ciki na CT cikin mako biyu. Mahaifinka ya cika ukun, ga ciwon baya a kai. Hoton ciki na yau da kullum da ake goga na'ura a fata sau da yawa ba ya ganin fankiriyas sosai, iskar hanji na tare ta, don haka idan an ce ya fita lafiya kada ku tsaya nan. Ku koma wurin likitansa a makon nan, ku faɗi kilo nawa ya rasa da kuma cikin wata nawa. Idan fitsari ya yi duhu, ko bayan gida ya yi fari, ko ido ya yi rawaya, a ranar za ku tafi. Kana da takardun gwajinsa a nan? A waya? To ka jira ni a bakin ƙofa idan an tashi, mu duba tare.